Hadda ko Muhawara: Tarken Hanyoyi Biyu na Koyar da Fiziks a Sakandare

Hanyoyi biyu nake son in ɗora a sikeli. A ta farko, malami yakan rubuta dokokin Newton a allo, ya warware lissafi, ɗalibai su kwafa su haddace. A ta biyu, yakan jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya kare ta a gaban maƙwabcinsa kafin malami ya yanke hukunci. Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya yi fice da wannan salo, har ya rubuta littafi a kansa a 1997.

A 1998 Richard Hake ya wallafa nazarin azuzuwa 62 masu ɗalibai 6,542, ciki har da na sakandare. Waɗanda aka koyar ta hanyar lacca sun cike kusan kashi 23 cikin ɗari na giɓin fahimtarsu, masu muhawara kuwa kusan kashi 48. Dalilin a bayyane yake. Ɗalibi yana iya rera doka ta uku ba gargada, amma in tirela ta yi karo da ƙaramar mota, sai ya rantse tirelar ce ta fi bugu, alhali ƙarfin bugun ɗaya ne daga ɓangarorin biyu. Hadda tana lulluɓe irin wannan kuskure, muhawara kuwa tana tona shi.

Sai dai ban karɓi sakamakon Hake ido rufe ba. Malaman da kansu suka aiko masa da alƙalumansu, kuma wanda ajinsa ya yi kyau ya fi saurin aikowa. Bugu da ƙari, muhawara tana cin lokaci, malaminmu kuwa yana tsere da manhajar WAEC da NECO a aji mai cunkoso, sau da yawa ba ɗakin gwaje-gwaje.

Duk da haka, a ganina rashin kayan aiki bai isa uzuri ba. Zare mai tsawon mita ɗaya da dutse a ƙarshensa yakan yi lilo, zuwa da dawowa, cikin kusan daƙiƙa biyu, dutsen ya yi nauyi ko bai yi ba. A bari yara su yi hasashe, su yi gardama, su auna, sannan malami ya kawo lissafin. Matsayin lacca ke nan: ta biyo bayan tambaya. Ɗalibin da ya ci jarrabawa da kuskurensa a lulluɓe, shi ne gobe za a damƙa wa ginin gada.