Ribar da Ake Faɗi Cikin Waya: Mu Ɗora Ta Bisa Allo



Wani sabon darasi ya shigo ƙasarmu, kuma ta waya ya shigo. Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, duk garin da rezo ya kai za ku ga samari sun haɗa kai bisa waya guda suna kallo. Wani lokaci bidiyo ne gajere daga TikTok ko Facebook. Wani lokaci saƙon murya ne da aka turo ta WhatsApp. Mai maganar saurayi ne tsaf-tsaf, ko kuwa mace ta sha ado, ga kaya jibge a bayanta. Zancensu kusan guda ne. Wai ba sai kana da shago ba, ba sai kana da jari mai yawa ba. Wai ka sayo atamfa ko takalma ko turare da araha, ka ɗauki hoto, ka sa cikin waya, masu saye su yi ta kira, riba ta yi ta shigowa.

Tun da masu wannan zance sun ɗauki kansu malamai, to, mu auna su kamar yadda ake auna malami. Ana duba abin da ya faɗa. Ana kuma duba abin da ya tsallake.

Mu fara ba su haƙƙinsu. Sun iya magana. Da Hausa suke yi, a taƙaice, kuma suna nuna abu ido ya gani. Wanda bai san baƙi ba ma yana fahimta. Duk malamin karatun manya da ya kalle su zai so a ce ajinsa na saurarensa haka. Kuma ba ƙarya ba ne cewa waya tana taimakon kasuwa. Wayar salula ta shigo Nijar a shekarar 2001. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda waya ta kai, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake. Da can ɗan kasuwa sai ya hau mota ya je ya ga farashi. Da waya ta zo, sai ya kira ya ji.

Akwai kuma alherin da su kansu ba su cika faɗi ba. Matar da ba ta fita, da ma ɗiyarta ce ke ɗaukar mata talla. In hoto cikin waya ya isa gidajen da yarinya ke zagayawa da faranti a kai, to, yarinyar ta samu zuwa makaranta. Wannan kaɗai ya isa a ce kada a yi watsi da abin.

To, yanzu ga inda darasin ya gurgunce. Lissafinsu layi biyu ne kawai: nawa ka saya, nawa ka sayar. Abin da ke tsakani, wai shi ne riba. Ɗauko alƙalami da takarda mu gwada tare.

A ce wata baiwar Allah a Tamaske ta aika aka sayo mata atamfa turmi 10 daga Kantin Kwari na Kano. A ce kowane turmi ya kama jika 6. Uwar kuɗi ke nan jika 60. Ta yi niyyar sayar da kowane turmi jika 8, wato jika 80. Malamin waya zai ce ta ci jika 20, a yi guɗa.

Mu kuwa sai mu ci gaba. Kayan ba tashi suka yi suka zo ba. A ce kuɗin mota da na ɗan kabu-kabu da ya kawo su ƙofar gida jika 3. Tura kuɗi ba kyauta ba ne, a ce jika 1. Hoto ba ya tafiya sai da intanet, a ce jika 2 a wata. Garinsu babu wuta, kullum tana kai waya caji dala 20. Dala 20 sau 30 jika 3 ke nan. Ku tara: 3 da 1 da 2 da 3, jika 9. Riba ta dawo jika 11.

Ba mu gama ba. Da aka kwance kaya, turmi guda ba launin da aka gani a hoto ba ne. Ba wadda ta so shi, da ƙyar ya tafi jika 5. An rasa jika 3, saura 8. Sannan turmi biyu, ɗaya goggonta ta ɗauka, ɗaya uwar mijinta, duk sun ce sai kaka. Wa zai hana uwar miji bashi? To, ƙarshen wata me ke hannunta? Turmi 7 jika 56, da jika 5 na wancan, 61. A cire jika 9 da ta kashe, saura 52. Ta zuba jika 60, ga 52 a hannu. Bisa takarda ta ci jika 8. Cikin aljihu kuwa ba ta da abin sake saro turmi 10.

Waɗannan lambobi misali ne na kawo. Kowa ya sa na garinsu. Amma layukan su ne na gaskiya, kuma cikin duk bidiyon da ɗalibai suka nuna mini ban ga wanda ya tsaya ya rubuta su ba. Ni a ganina wannan ne babban aibin darasin. Malamin da ya koya maka tarawa ya ɓoye maka ɗebewa bai koya maka lissafi ba.

Misalin nan ma na sauƙaƙa shi. Na yi kamar naira da sefa suna zaune wuri guda. Ƴan canjin Ƙonni da Ilela sun san ba haka ba ne. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Nijeriya ta saki naira, darajarta ta faɗi ƙwarai, farashin kaya a Kano ya yi ta hawa. Na kuma yi kamar hanya kullum a buɗe take. Nijeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Wanda ya tura kuɗi yana jiran kaya a irin wannan lokaci, ya ga ta kansa. Ga kuɗin duwan. Ga damina, lokacin da ƙoramu ke kawo ruwa har wasu garuruwanmu mota ba ta shiga.

Abu na gaba shi ne amana. Ciniki daga nesa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja neman goro. Amma ba su taɓa miƙa dukiya ga wanda ba su sani ba. A kowane zango akwai mai gida da ke saukar da fatake, ya ajiye kaya, ya tsaya musu. Har gobe a kasuwar Tunfafi in za ka sayi bisa, dillali ne ke tsakani. Muna ƙorafin la'adarsa, gaskiya ne. Amma in akuya ta fito ta sata ce, ka san wanda za ka kama. To, cikin waya wa ke tsaya maka? Lamba ce kawai da hoto. Yau tana shiga, gobe a ce a kashe take. Malaman waya suna cewa tura rabin kuɗi a aiko maka da kaya, kamar suna cewa miƙo mini ruwa. Da darasin kirki ne, da sai ya daɗe a nan. Sai ya ce ka nemi ɗan garinku da ke can ya je ya ga shagon da idonsa. Sai ya ce ka fara da kaɗan. Sai ya ce ka ajiye takardar da aka ba ka wurin tura kuɗi, ka rubuta rana da sunan direban da aka ba kaya.

Ku lura da wani abu kuma. Darasin nan na birni ne. A Kano ko Yamai mutum yana da masu saye dubbai da ba su san juna ba, da yawansu kuma albashi suke ɗauka kowane wata. Mu kuwa kuɗi da lokacinsu. Suna zuwa da kaka, ko in an sayar da albasa, ko in ƴan ci-rani sun aiko daga Abijan ko Libiya. Lambobin da ke cikin wayarki, ƴar'uwa, su ne ke cikin wayar maƙwabciyarki. In mata goma a gari guda suka kalli bidiyo guda, suka saro atamfa iri guda, wa zai saya wa wa?

Akwai waɗanda suka fi waɗannan muni, kuma saƙonninsu na tafe tare, shi ya sa na ambace su. Su ba su da atamfa, ba su da takalmi. Cewa suke ka biya kuɗin shiga, ka kawo mutum uku, kowane ya kawo uku, kuɗinka su haihu kana kwance. An ga ƙarshen irin wannan a maƙwabta. MMM ta yi wa mutanen Nijeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. A watan Disamba na 2016 ta rufe asusun mutane. A watan Afrilu na 2025 wata mai suna CBEX ita ma ta rushe da dukiyar jama'a. Hanyar gane su ba ta da wuya. Ka tambaya: mene ne kayan da ake sayarwa? In amsar ta yi tsawo, kai ne kayan. Mutum ukun da za ka kawo kuwa ba baƙi ba ne. Ƙanenka ne, da abokinka, da surukinka, kuma gari guda za ku ci gaba da zama.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan. Duk darasin waya fuska guda yake kallo: yadda za a kawo kayan waje a sayar mana. Ba ka jin mai cewa ga yadda za a fitar da namu. Sai ka ce ƙasar Adar ba ta da abin sayarwa.

Alhali kuwa tabarmar Madawa ta yi suna tun kafin a haifi masu bidiyon. Matanmu ke saƙa ta da kaba. Ba ta ruɓewa, ba ta tsoron rana, zanenta kuma yana fita ras a hoto. Mai saƙa ba ta buƙatar canjin naira, ba ta jiran iyaka. Uwar kuɗinta kaba ce da rini da hannunta. In mata biyar suka haɗa tabarminsu, suka aika hoto ga ɗan garinsu da ke Yamai ko Tawa, suka raba kuɗin mota, lissafin da muka yi ɗazu zai fito daban. Ba na cewa za su yi arziki dare ɗaya. Tabarma tana da nauyi, saƙa kuma tana cin kwanaki, kwanakin nan ma sai a sa su cikin lissafi. Amma kaya a hannunsu suke, ba a hannun mai lamba ba.

Haka albasa. Manoman kwarin Tarka da na Majiya sun san ciwon. Lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, kowa na da ita, farashi ya faɗi. Bayan watanni ta yi tsada. Albasar nan irin ta Galmi har Kumasi da Akara da Abijan ake kai ta. Manomin da ya kira ɗan'uwansa a can ya ji farashi kafin mai saye ya iso gonarsa, ciniki ya yi ta waya, ko da bai ɗauki hoto ko guda ba. Wanda ya zuba tasa a rudu yana jiran tsada, shi ma sai ya rubuta buhu nawa ya zuba, buhu nawa ya fitar, don albasa na ruɓewa, tana kuma ramewa. Ga gabu da mata ke yi da ganyenta, wanda ke daɗewa bai lalace ba.

Maganar jari ma muna da namu darasi. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba ɗan abin da ta iya cikin akwati, su ranta wa juna, su raba a ƙarshe. Dubarar ta bazu har ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Can kowa na ganin akwatin, ana ƙidaya kuɗi gaban jama'a. Mai son gwada saye da sayarwa ta waya, gara ta ɗauki ɗan rance a nan da ta sayar da tunkiyarta.

Wani zai ce, malam, ashe dai kishi kake da waya. Ko kusa. A 2009 da 2010 an gwada koyar da manya karatu tare da waya a jihohin Doso da Damagaram, aikin da ake kira ABC. Ɗaliban da suka koyi taɓa waya sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi. Waya da allo ba kishiyoyi ba ne. Mai iya karatu shi ke duba lambar da zai tura wa kuɗi, ya ga sifili nawa ne, 5.000 ne ko 50.000. Shi ke karanta saƙon da ya shigo da kansa, ba sai ya miƙa wa wani yaro wayarsa da lambar sirrinsa ba.

Don haka ga abin da nake roƙo. Duk wanda aka turo wa irin wannan bidiyo ko saƙon murya, kada ya goge, kada kuma ya yi saurin tura wa wani. Ya zo da shi aji. Za mu saurara tare, mu ja layi uku bisa allo: abin da ya fita, abin da ya shigo, abin da ke hannun mutane bashi. Wanda ya san kuɗin mota daga Ƙonni zuwa garinku ya zo da labari. Wadda ta san nawa ake sayar da damin kaba a kasuwar wannan mako, ita ma ta zo da nata.