Wadar Zuci da Gunaguni: Nazari a kan Littafin Jeremiah Burroughs

Cikin littattafan da nake sa ɗalibai su karanta a darasin kiwon garke, akwai ɗaya da nake miƙa musu da zuciya biyu. Shi ne The Rare Jewel of Christian Contentment, wato lu'ulu'u mai wuyar samu na wadar zucin Kirista. Tarin wa'azin Jeremiah Burroughs ne a kan Filibiyawa 4:11, an buga shi a 1648, shekara biyu bayan mutuwarsa.

Kada a ɗauka mai jin daɗi ne ya zauna yana koya wa matalauta haƙuri. A 1636 aka dakatar da Burroughs daga aikin fasto saboda ya ƙi bin wasu umarnan shugabannin Ikkilisiyar Ingila. Ya yi gudun hijira zuwa Rotterdam, ya dawo a 1641, ya yi wa'azi a Landan yayin da yaƙin basasa yake cin ƙasar. Ya san rashin aiki, ya san baƙunci.

Ƙarfin littafin yana wuri biyu. Na farko, ya riƙe maganar Bulus cewa wadar zuci koyonta ake yi. Ba hali ba ne da ake haifuwar mutum da shi, ba kuwa sanyin rai ba ne irin na wanda ya fid da tsammani. Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a Helenanci ta Sitokiyawa ce, waɗanda suke nufin mutum ya ishi kansa, kada ya bukaci kowa. Bulus ya ari kalmar, ya sauya mata tushe: isar tasa daga Almasihu take. Na biyu, Burroughs ya ce hanyar ragi ce, ba ƙari ba. Duniya takan ce a ƙara dukiya har ta kai tsawon buri. Shi kuwa ya ce a rage burin har ya daidaita da abin da Allah ya bayar. Duk da haka ya nace cewa Kirista da ya gamsu da ɗan kaɗan ba zai ƙoshi da duniya duka ba, domin rabonsa Allah ne kansa.

Wannan magani ne ga cutar mumbarinmu. Mun manna Filibiyawa 4:13 a gilashin mota da bangon shago, kamar alkawari ne na cin jarrabawa ko samun kwangila. Ayar da take gabanta kuwa zancen yunwa da ƙoshi take yi, da rashi da samu, kuma mai maganar ɗaurarre ne. Ɗalibin da ya karanta Burroughs da kyau, da wuya ya sake yanko aya ta 13 daga jikin ta 12.

To, ina matsalar?

Wani babban kashi na littafin ya tafi ga muguntar gunaguni da hujjojin da zuciya marar gamsuwa take kawowa don kare kanta. Adalci ne a faɗa cewa tun farko marubucin ya keɓe abu uku: wadar zuci ba ta hana jin zafin wahala, ba ta hana kai kuka ga Allah da abokai, ba ta kuma hana neman mafita ta halal. Amma wannan keɓewa gajeruwa ce, tsawatawar kuwa doguwa. Mai karatu yakan rufe littafin da muryar tsawa a kunnensa. Kuma kusan ko'ina mai shan wahala ake yi wa magana. Wanda ya jawo wahalar ba ya cika fitowa fili.

Na ga inda wannan yake kaiwa. Shekarun baya na zauna a wani taron dattawa inda wani mai bishara na ƙauye ya tashi, cikin ladabi, ya ce wata biyar ke nan ba a ba shi albashi ba, an kuma koro 'yarsa daga makaranta. Shugaban taron ya buɗe Filibiyawa 4 ya karanta masa, aka ce amin, aka wuce zuwa maganar fentin ofis. Ni ma ina wurin, ban ce uffan ba, abin yana damuna har yau. Da an ci gaba da karatun zuwa aya ta 18, da an ji Bulus yana yaba wa ikkilisiyar da ta aiko masa da taimako ta hannun Abafaroditas. Nassin da aka rufe bakin mai bishara da shi, takardar godiya ce ga mutanen da suka biya bukatar ma'aikacinsu.

Akwai abin da ya fi wannan. Kalmar Helenanci da aka fassara gunaguni a Filibiyawa 2:14, inda Bulus ya hana shi, ita ce dai a Ayyukan Manzanni 6:1, sa'ad da Yahudawa masu jin Helenanci suka yi ƙorafi cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su yi musu wa'azin wadar zuci ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, aka gyara rabon. Ashe ba kowane gunaguni ne tawayen Kora ba. Wani ƙararrawa ce cewa shugabanni sun yi sakaci. Bulus kansa, a wannan gari na Filibi, bayan an yi masa bulala ba shari'a, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37). Ya raira waƙa da tsakar dare, ya nemi hakkinsa da safe, ba ɗayan da ya rushe ɗaya.

Wata shawarar Burroughs da nake jan kunnen ɗalibai a kanta ita ce, mai fama da nauyin wahala ya ɗora wa kansa nauyin zunubinsa, sai na farkon ya yi sauƙi. Ga mai girman kai da ƙaramin rashi ya harzuƙa, wannan gaskiya ce mai amfani. Amma ka kai ta gidan matar da aka kashe mijinta a gona, ka koma ɗaya daga abokan Ayuba. A Yahaya 9 Ubangiji ya ƙi haɗa makantar mutumin nan da zunubinsa ko na iyayensa. Jama'armu kuma sun riga sun saba jin "sai haƙuri" a kan kome. Idan fasto bai yi hankali ba, za su ji wadar zuci kamar wani sunan ƙaddara, alhali Zabura cike take da masu bangaskiya da suke tambayar Allah har yaushe.

Turancin littafin tsoho ne, yana kuma yawan maimaici, kamar yadda wa'azin da aka mai da rubutu yakan yi. Ba laifi a tsallake wasu shafuka.

Ga yadda nake ba da shi yanzu. Ɗalibi ya karanta kashi na farko, a kan ma'anar wadar zuci da asirinta, don kansa, musamman kafin a tura shi ƙauyen da bai zaɓa ba, ko ranar da abokin ajinsa ya sami babbar ikkilisiya a birni. Surorin gunaguni kuwa ba na yarda a karanta su sai tare da Zabura 13, Habakuk 1 da Yakubu 5:4. A jarrabawa nakan kawo labarin mai bisharar nan, in tambayi ɗalibi abin da zai faɗa in shi ne yake riƙe da kujerar shugaba.