Tajassusi ta Wayar Salula: Nazari a Kan Hujjar Tsaro

Wanda ya san gidajen cikin birnin Kano, daga Madabo zuwa Yakasai, ya san baƙo ba ya wuce zaure sai da izini. Wannan tsarin gini ya dace da umarnin neman izini da ke Suratun Nur, aya ta 27, da hanin tajassusi da ke Suratul Hujurat, aya ta 12. A yau kuwa sirrin mai gida ya bar ƙuryar ɗaki ya koma cikin wayarsa, inda babu zaure balle sallama.

A watan Disamba na 2020, cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta sanya Nijeriya cikin ƙasashe 25 da take kyautata zaton suna amfani da na'urorin kamfanin Circles, mai alaƙa da masu manhajar Pegasus. Na'urorin kan bi raunin hanyoyin sadarwa su saurari kira, su karanta saƙo, su gano inda mutum yake, ba tare da an taɓa wayarsa ba. A 2021 kuma ƙarin kasafin kuɗi ya ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa naira biliyan 4.87 domin tatsar bayanan sadarwa, har da na WhatsApp.

Hujjar hukuma ita ce tsaro, kuma ba abin rainawa ba ce a ƙasar da garkuwa da mutane ta addaba. Imamu Mawardi ma, a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya halatta wa muhtasibi binciken abin da ke ɓoye. Sai dai ya gindaya sharuɗɗa: labari daga amintacce, laifi takamaimai, da ɓarnar da ba ta gyaruwa in ta auku, kamar kisan kai.

A nan hujjar tsaro ta gaza. Mawardi ya sa shaida gaba, bincike ya biyo baya. Waɗannan na'urori kuwa suna ba da damar a fara tono, sannan a nemi laifi. Ba sa bambance zancen mai laifi da tambayar matar da ta kira malami neman fatawa kan aurenta. Idan malamai da ɗalibai suka sakankance cewa ana sauraronsu, nasiha ga shugabanni za ta ƙaranta. Abu Dawud ya ruwaito gargaɗin Annabi (SAW) cewa shugaba mai bibiyar zargi cikin jama'arsa lalata su yake yi.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida da zancen waya. Ya wajaba malamai su daina taƙaita wa'azin tajassusi a kan gulmar maƙwabta, su nemi kada a saurari wayar kowa sai da umarnin alƙali, a kan mutum sananne, zuwa lokaci ƙayyadadde. Allah ne mafi sani.