Wasa Kai a Waƙar Baka ta Hausa

Wasa kai shi ne mawaƙi ya dakata da yabon wanda yake yi wa waƙa, ya juyo da harshensa kan kansa, ya faɗi gwanintarsa da fifikonsa a kan sauran masu sana'ar. Wani lokaci ɗan waƙa ɗaya ne ko biyu a tsakiyar waƙar wani basarake ko attajiri, wani lokaci kuma waƙa ce sukutum. Ana kiran waƙar da mawaƙi ya zuba iyakar fasaharsa a cikinta bakandamiya, kuma da wuya a sami bakandamiyar da babu wasa kai a ciki. Abin lura shi ne wannan al'ada ta yi ƙarfi a cikin al'ummar da ke cewa yabon kai jahilci, wadda ke horar da yaro tun yana ƙarami ya sunkuyar da kai idan ana yabonsa. Malami ba ya tashi a taro ya ce ya fi kowa sani, maƙeri ba ya shelar cewa babu mai kama ƙafarsa. Mawaƙi kuwa yana faɗa da babbar murya, jama'a na yi masa kari.

Tushen abin yana fagen maza. Ɗan dambe, ɗan kokawa, ɗan tauri da mafarauci kowannensu yana da take, wato kiɗan da makaɗi ke yi masa shi kaɗai. Da zarar ya ji takensa sai tsuma ta kama shi, ya fito fili ya yi kirari da bakinsa, ya ambaci waɗanda ya kayar da garuruwan da ya yi ɓarna. Irin wannan kirari bashi ne da ake biya nan take, domin yana gama shi abokin karawa zai fito. Wanda ya cika baki aka kashe shi a turmin farko, shi da kansa ya tara wa kansa 'yan dariya. Makaɗan maza irin su Muhammadu Bawa Ɗan Anace, wanda ya shahara da waƙar ɗan damben nan Shago, a cikin wannan fage suka tashi, kuma ba abin mamaki ba ne da mawaƙi ya ɗauki salon jarumin da yake zugawa ya yi wa kansa. Sharaɗin ma bai canza ba: wanda ya ce shi gwani ne, sai ya nuna gwanintar a cikin waƙar da yake faɗin hakan.

Akwai kuma dalilin matsayi. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau ya buga nazarinsa kan roƙo a 1957, ya nuna cewa a tsarin sana'o'in gargajiya makaɗa da maroƙa suna can ƙasa. Ana jin daɗin waƙarsu, ana tsoron bakinsu, amma ba kowane gida ke ba su aure ba. Mutumin da jama'a ta ajiye a wannan gurbi ba shi da mai yi masa kirari. Shi ne mai yi wa kowa. Idan bai faɗi darajar aikinsa ba, babu mai faɗa. Wasa kai yana tuna wa ubangida cewa abin da ake rera masa ba a samunsa a ko'ina, don haka doki ko riga ko kujerar Makka da zai bayar ba asara ba ce. Yana kuma gargaɗin sauran makaɗan da ke hanƙoron wannan ƙofa.

Yadda mawaƙi ke kafa hujjar yarda da kansa ya danganta da hanyar da ya shigo sana'ar, ko gado ya yi ko haye. Makaɗan fada galibi 'yan gado ne. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗa aka haife shi, ya yi wa mahaifinsa amshi kafin ya ja nasa ayarin. Sa'idu Faru ma kotso ya tarar a gida, kuma laƙabin da aka fi saninsa da shi, malamin waƙa, shi ya raɗa wa kansa har ya bi shi. Wannan laƙabi ya cancanci a tsaya a kansa, domin da shi makaɗi ya ɗauki sunan da ya fi kowane daraja a ƙasar Hausa ya ɗora wa sana'ar da malamai da dama ke ƙyama. Da'awar ita ce waƙa ilimi ce mai ƙa'ida, ana koyonta, ana ƙwarewa, akwai ɗalibi akwai shehi. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya bi wata hanya mai wayo a bakandamiyarsa: waƙar ta sarki ce, amma ya cika ta da yabon waƙar kanta da na wanda ya tsara ta. A fada ba ya yiwuwa bara ya ɗaga kansa sama da ubangidansa, saboda haka sai ya naɗe yabon kansa cikin na sarki, ya nuna cewa sarkin da ya fi sarakuna shi ya dace da makaɗin da ya fi makaɗa.

Ɗan haye ba shi da madogarar gado, kuma a nan ne labarin Mamman Shata ya zama ma'auni. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, a gidan da ba a kiɗa. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a ganinsa roƙo ne, zubar da mutuncin gida ne. Shata ya yi tallan goro, ya yi na alewa, amma waƙar dandali ta rinjaye shi. Ba shi da uban da zai ce ya gada, ba shi da fadar da ta naɗa shi tun farko. Abin da ya rage masa shi ne muryarsa, kalangu, da ƙarfin zuciyar tsayawa gaban taro ya ƙaga waƙa nan take.

Wannan ya bayyana har a ginin waƙoƙinsa. Makaɗan kotso da taushi suna zama da yaransu su tsara waƙa, 'yan amshi su karɓi ɗa su ƙarasa shi, kowa ya san inda zai shiga. 'Yan amshin Shata kuwa gindin waƙa kawai suke maimaitawa, sauran nauyin duk yana wuyansa. Idan azanci ya ƙafe masa a tsakiyar fage, babu mai rufa masa asiri. Bakandamiyarsa ba ta ubangida ba ce, tasa ce shi kaɗai, kuma ba ta da tsayayyen matani: ya rera ta sau da yawa cikin shekaru masu yawa, yana ƙara sababbin ɗiya, yana sako garuruwan da ya taka da abokan hamayyar da ya gagara. Ta zama kamar kundin da yake ajiye lissafin rayuwarsa. Mutumin da ya yarda da kansa haka ba ya jin akwai batun da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi da sojoji, ya yi wa kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba zuwa wata a 1969. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura.

Ɗan Maraya Jos ya kai kaɗaicin ɗan wasa matuƙa, domin shi da kuntiginsa kawai yake fita, babu ɗan amshi ko ɗaya, kuma maraicin da wani zai ɓoye shi ya mayar suna. Barmani Choge ta Funtuwa, da ƙwaryarta ta amada, ta wasa kanta ta kuma wasa mata masu sana'a, a inda ake ganin ɗaga muryar mace a bainar jama'a abin kunya ne.

Duk da haka al'adar tana da linzami. Mawaƙin Hausa yakan ce ya fi kowa, amma da wuya ya ce shi ya ba kansa. Kalmar da ke bakinsa ita ce baiwa, kuma baiwa tana da Mai bayarwa. Littafin tarihin Shata da Ibrahim Sheme da abokansa suka fitar a 2006 sunansa Shata Ikon Allah, kuma sunan ya kama yadda masu sauraro ke fahimtar lamarin. Da wannan ne cika baki ke kuɓuta daga zama girman kai a kunnen Bahaushe, domin mai faɗin baiwar da aka yi masa yana iya cewa godiya yake yi. Marubuta waƙa, waɗanda suka fito daga zauren malamai, sun fi ɗaure linzamin. Al'adarsu ita ce buɗewa da yabon Ubangiji da salati, rufewa da ambaton suna cikin ƙanƙan da kai da neman gafara. Amma ko a nan, sa suna a ƙarshen waƙa don kada wani ya ci gumin wani shaida ce cewa marubucin ya san abin da ya yi yana da daraja.

Mai nazari bai kamata ya rufe ido ga illolin ba. Wasa kai da zambo 'yan gida ɗaya ne, sau da yawa ɗaga kai yana tafiya da taka wani, kuma gaba tsakanin mawaƙa ta sha fita daga waƙa ta shiga rayuwa. 'Yan amshi da makaɗan da suka shekara talatin a bayan gwani ba kasafai ake tuna sunayensu ba, alhali da su aka gina shaharar. Sannan waɗanda faifai da rediyo suka adana mana su ne waɗanda kirarinsu ya tabbata. Mawaƙan ƙauye da suka yi irin wannan cika baki ba su kai ko'ina ba sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ba a ɗauki muryarsu ba. Don haka kuskure ne a karanta bakandamiya a ce yarda da kai kaɗai ta kai Shata inda ya kai. Shekarun da ya yi yana yawon gari gari, yana waƙa a kasuwa da gidan biki, su suka ba kirarin nauyi.

Ruhin al'adar ya tsallaka zuwa rubutun zube. Tun daga shekarun 1980 matasan marubuta a Kano, da yawansu mata, suka daina jiran kamfanonin ɗab'i suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu suna kaiwa kasuwa. Wasu masana suka kira aikin adabin kasuwar Kano, suna nufin bai kai adabi na gaske ba. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin marubutan, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya jagoranta, ta ɗauki sunan Raina Kama, rabin karin maganar da ke ƙarewa da ka ga gayya, wato kirari aka mayar sunan ƙungiya. A fagen waƙa kuwa situdiyo ta sauya sharaɗin da aka gada daga filin dambe. Mawaƙin zamani yana iya wasa kansa a ɗaki, a maimaita ɗauka har sai ta yi daidai, na'ura ta gyara murya, ba tare da taron da zai auna da'awar a lokacin da ake yin ta ba. Awon ya koma baya, sai waƙar ta fita, a ga ko masu shayi da 'yan adaidaita sahu za su sa ta, ko kuma ranar da aka gayyaci mai ita biki aka miƙa masa makirufo.