3.4 Sharhi a Kan Sunan "Boko Haram" da Tasirinsa ga Matakan Hukuma

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin duba sunan da jama'a suka laƙaba wa ƙungiyar Muhammad Yusuf, da yadda fassarar da aka yi wa sunan ta shafi irin matakan da hukuma ta ɗauka. Abin da ya kamata a fara lura da shi, shi ne ƙungiyar ba ita ta raɗa wa kanta wannan suna ba. Sunan da ta kira kanta da shi, musamman bayan shekarar 2010, shi ne Jama'atu Ahlis Sunna Lidda'awati wal Jihad. Laƙabi ne mutanen gari suka yi mata, kamar yadda aka yi wa Muhammadu Marwa laƙabin Maitatsine a Kano saboda yawan tsinuwa a wa'azinsa. Bahaushe ya saba ɗauko abin da mutum ya fi nanatawa ya mayar masa suna.

Jaridun ƙasashen waje da na kudancin Nijeriya sun daɗe suna cewa kalmar "boko" ta samo asali ne daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi. Newman (2013) ya ƙi amincewa da wannan ra'ayi, kuma mai wannan bincike yana ganin hujjarsa ta fi ƙarfi. Tun a ƙamusun Bargery (1934) an kawo kalmar da ma'anar yaudara ko abin da ba na gaskiya ba. Alal misali, akwai "amaryar boko", wato wadda ake fito da ita a madadin amarya ta ainihi. Bugu da ƙari, Hausa tana da "littafi" tun kafin zuwan Turawa, kuma da aro aka yi, da an sami wani abu mai kama da "kuku", wadda aka aro daga kalmar Ingilishi mai irin wannan sauti. Ke nan da kakanninmu suka kira makarantar Turawa "boko", hukunci suka yanke mata: ilimi ne na jabu idan aka kwatanta da na Muhammadiyya.

Wannan bambanci ba na masu ƙamus kaɗai ba ne. Wanda ya ɗauka kalmar tana nufin littafi zai zaci matsalar ita ce ƙin karatu, maganinta kuwa a gina aji. Haka kuwa aka yi. A shekarar 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka kuma gina irinta a jihohi da dama. Gina makaranta abu ne mai kyau, babu musu. Amma a ra'ayin mai wannan bincike, an ɗora wa almajiri laifin da ba nasa kaɗai ba ne, domin cikin mabiyan Yusuf har da waɗanda suka yi karatun jami'a suka yayyaga takardun shaidarsu. Abin da Yusuf yake nufi da boko ya haɗa da aikin gwamnati da kotu da tsarin mulki baki ɗaya. Kuma talakan da ya ga ɗan boko yana wawure dukiyar jama'a bai buƙaci dogon bayani ba kafin tsohuwar ma'anar kalmar ta dawo masa. Wannan zargi ne ba a taɓa ba shi amsa ba.

Wani abin kuma shi ne, laƙabin yana ɗauke da raini, rainin kuwa ya shiga aikin hukuma. An ga haka a rikicin Maitatsine na Disambar 1980, inda mutane fiye da 4,000 suka rasu a Kano. An kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu, amma rikicin ya sake ɓulla a Bulumkutu da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Duk da wannan darasi, da aka kashe Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri ranar 30 ga Yulin 2009 ba tare da shari'a ba, sai aka ɗauka an kashe maciji. Ashe ba a sare kansa ba. Dokar hana ta'addanci ba ta fito ba sai 2011, dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa kuwa sai Mayun 2013.

Inda hukuma ta fi gazawa, a ganin mai wannan bincike, shi ne fagen harshe. Yusuf da Abubakar Shekau da Hausa da Barbarci suka yi wa'azi, kaset-kaset ɗinsu suna yawo a kasuwanni da tashoshin mota. Ita kuwa hukuma galibi da Ingilishi take fitar da sanarwarta, wato da harshen bokon da ake tuhuma. Waɗanda suka tari ƙungiyar da Hausa, aya da aya, malamai ne irin su Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe a masallacinsa na Ɗorayi a 2007, da Shaihu Albani Zariya, wanda Shekau ya yi iƙirarin kashewa a 2014. Da kansu suka ɗauki nauyin wannan aiki, ba su kuma sami kariyar da ta dace ba. Gidan talabijin na AREWA24 da rediyon Dandal Kura, waɗanda aka kafa domin yi wa mutanen yankin magana da harshensu, sai a 2014 da 2015 suka fara aiki, kuma da tallafin Amurka aka kafa su. A lokacin an riga an kashe ɗaliban Buni Yadi, an kuma sace 'yan matan Chibok su 276.