Mai tsara wasa marar dandali: Carrington a idon teyatur na ƙasar Maraɗi

1. Gabatarwa

A wannan taƙaitaccen nazari za mu dubi wani ɗan wasa mai suna James B. Carrington, daga wasan kwamfuta mai ɗauke da labari, Kentucky Route Zero, wanda kamfanin Cardboard Computer na Amurka ya fitar kashi biyar daga 2013 zuwa 2020. Sana'arsa tsara wasan kwaikwayo, abin da Faransanci ke kira metteur en scène. Akan ɗauke shi a matsayin bauɗaɗɗen mutum. A ganinmu bauɗewar ta samo asali ne daga yanayin aikinsa, kuma teyatur na Hausa zai taimaka wajen fahimtar haka.

2. Carrington a cikin wasan

Jigon labarin shi ne tafiyar Conway, direban babbar mota da ke neman wani adireshi don ya sauke kaya. A hanya yakan haɗu da Carrington riƙe da ƙahonin barewa, yana roƙon a samo masa wurin da zai gabatar da wasansa. Ya gina wasan ne kan waƙar Robert Frost, The Death of the Hired Man (1914), inda miji da mata ke muhawara kan tsohon ɗan ƙodagonsu da ya dawo gidan ya mutu, ba a ji ta bakinsa ba.

Wannan shiru muhimmi ne. A wani ɗan guntun kashi mai suna The Entertainment (2013), wanda aka nuna Carrington ne ya tsara shi, mai riƙe da na'ura yakan zama ɗan wasan da aka zaunar a kan dandamali ba tare da an ba shi kalma ko ɗaya ba. A guntun ƙarshe kuwa, na 2020, muna samun Carrington a mashaya yana ba da labarin yadda wasan nasa ya watse. Ke nan yana da rubutu, amma ba shi da fili, ba shi da jama'a.

3. Kwatanci da teyatur

A Nijar al'amarin ya zo a juye. A zamanin Seyni Kunce (1974-1987) an farfaɗo da samariya, kuma daga 1976 bikin matasa na ƙasa ya sa ƙungiyoyi suna gasa mataki-mataki, daga ƙananan hukumomi irin su Agye da Gidan Rumji zuwa Maraɗi, sannan zuwa matakin ƙasa. Kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987 kan teyatur na Hausa a Nijar, ƴan wasa sukan yarda da ƙashin labari tukuna, sannan kowa ya ƙirƙiri maganarsa a wurin gwaji. Shugaban ƙungiya sau da yawa shi ma ɗan wasa ne. Yazi Dogo misali ne sananne.

Harshe ma ya nuna haka. Hausa ba ta da kalma guda tsayayya ga wannan aiki: ana cewa shugaba, ko mai tsarawa, ko darakta a fina-finan Kano. Kalmar Faransanci tana nufin wanda ke ɗora rubutu a kan dandamali. "Shugaba" kuwa tana nufin wanda ke gaban mutane. Idan babu mutanen, kalmar ba ta da abin kamawa. Da Carrington zai je Gazawa ko Tibiri ranar kasuwa, fili ba zai gagare shi ba. Abin da zai rasa shi ne ikon hana ƴan wasa magana.

4. Kammalawa

Saboda haka muna ganin Carrington hoto ne na mai fasahar da ya gaji rubutu ya rasa al'umma, a cikin labarin da bashi da kamfanoni suka tarwatsa mutanensa. Darasin ya shafe mu. Ɗalibanmu da ke rubuta wasannin samariya daga tsofaffin kaset suna aikin da ya dace, amma takarda ba ta riƙe dariyar ƴan kallo ko amsar da ɗan wasa ya ƙaga nan take. Ya kamata kowane irin wannan rubutu ya bayyana wurin da aka yi wasan, da lokacin, da waɗanda suka halarta.