Goron Sallah a Akwatin Talabijin

A ƙasashen Turai akwai wani irin cakulan da ake kyautarsa lokacin Kirsimeti, wanda aka ɗura wa barasa a ciki. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Mon Chéri na kamfanin Ferrero da ke Italiya. A can babu yaudara, domin an rubuta abin da ke ciki a jikin kwalin. Haɗarin yana tasowa ne idan ya biyo tsarabar matafiyi ya sauka a gidan Musulmi a Kazaure, aka yar da kwalin, aka zuba shi a faranti tare da cincin da dubulan, 'yan yawon Sallah suka ɗiba. Da wannan cakulan za mu auna shirye-shiryen kiɗa da waƙa da gidajen talabijin ke yi mana goron Sallah da su.

Kiɗan Sallah na asali a fili yake. A masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a 1819, idan hakimai suka hau daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, kowane makaɗi yana biye da ubangidansa. Ana jin algaita da kakaki, ana ganin wanda ake wasawa, riga ko kuɗin da aka bayar kuwa a idon jama'a ake miƙa su. Musa Ɗanƙwairo bai taɓa ɓoye sarkin da yake yi wa waƙa ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, har mashaya ya yi wa waƙa, amma ya yi ta ne ƙiri-ƙiri; mai so ya saurara, mai ƙi ya kau da kai. Yabo don samun kyauta tsohuwar sana'a ce, kuma ba ta taɓa rufe fuskarta ba.

Adalci ne a yaba wa talabijin. Ta kai hawan Sallah ga tsoho da majinyaci da matar da ba ta fita, kuma tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 mai kallo a Babura yana samun shirye-shiryen Hausa dare da rana.

Sai dai wani kaso na shirye-shiryen Sallah ya ɗauki siffar wancan cakulan. Sama-sama za ka ga sabbin ɗinkuna, da barka da shan ruwa, da addu'ar zaman lafiya. Da an shiga waƙa ta biyu sai sunan mai neman kujera ya ɓullo a amshi, a bi shi da habaici ga abokin hamayyarsa, ba tare da an gaya wa mai kallo wanda ya sayi filin ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma yaron da ke gaban akwatin bai san an ci ladan kowa ba. Yakan haddace amshin ya fita da shi layi.

Ɓoyon ya shafi fasahar ita kanta. Sau da yawa mawaƙi motsa baki kawai yake yi a kan sautin da aka haɗa a kwamfuta. Babu mai kalangu da zai amsa masa, babu baitin da za a ƙirƙira nan take saboda shigowar baƙo, alhali wannan saurin basira ne ya ɗaukaka makaɗan baka.

Maganin yana hannun hukuma da masu shiri. Kamar yadda NAFDAC ta wajabta rubuta abin da kayan ci suka ƙunsa, haka dokar hukumar NBC ta nemi a bambanta talla da sauran shiri. A rubuta sunan mai ɗaukar nauyi ɓaro-ɓaro, a dawo da makaɗa da kayan kiɗansu gaban kyamara. Goro ya samu daraja ne domin ana ɓara shi a gaban wanda aka ba.